Gawar Alƙali Godfrey da Mutum Ukun da Aka Rataye Dominta

Ranar Alhamis 17 ga Oktoban 1678, da almuru, aka kira wani ɗan doka mai suna John Brown zuwa bakin wani lambatu a gindin tudun Primrose Hill, arewa da birnin Landan. A zamanin wurin makiyaya ce da shingayen ƙaya. Cikin lambatun ga gawar wani dogon mutum a kife, takobi ya shiga ta ƙirji ya ɓullo ta gadon baya. A bakin ramin ga sandarsa, ga safar hannunsa, ga kuben takobin. Brown da mutanen da suka rako shi suka jawo gawar waje, ya zare takobin, aka ɗauke ta zuwa wata mashaya da ke kusa mai suna White House. Da aka haska fuskar sai aka gane Sa Edmund Berry Godfrey ne, alƙalin majistare na Westminster, wanda ya fita daga gidansa tun safiyar Asabar 12 ga wata bai komo ba.

Yau shekara sama da 340 ana gardamar wanda ya kashe shi. A ganina an fi ƙarfafa tambayar da ba ta da amsa, an bar wadda amsarta ke rubuce a takardun kotu. Yadda Godfrey ya mutu ɓoyayye ne, zai kuma ci gaba da zama haka. Yadda Robert Green da Henry Berry da Lawrence Hill suka mutu kuwa a fili yake: hukumar Ingila ce ta rataye su a Tyburn cikin Fabrairun 1679 bisa laifin kashe shi, da shaidar mutumin da ya dawo bayan shekara 7 ya amsa a gaban kotu cewa ƙarya ya rantse a kai. Wannan kisan na biyu shi ne wanda za a iya bin sawunsa daki-daki, a ga inda kowace ƙusa ta kwance.

Godfrey ɗan kasuwa ne mai sayar da katako da kwal a bakin kogin Thames, kusa da Charing Cross, gwauro, ɗan shekara 56. An ba shi lambar girma ta Sa a 1666 saboda ya tsaya a bakin aikinsa lokacin annobar da ta share Landan a 1665, sa'ad da masu hali suka gudu ƙauyuka. Ɗan Furotesta ne, amma an san shi da sassauci ga 'yan Katolika, har ma yana abota da Edward Coleman, sakataren matar Yarima James, ƙanin Sarki Charles na Biyu. James ɗin ɗan Katolika ne, shi ne kuma magajin sarauta tunda sarki ba shi da ɗan halak. Wannan shi ne ƙurjin da ke damun ƙasar. 'Yan Katolika ba su kai kashi 2 cikin 100 na jama'a ba, amma tun yunƙurin tarwatsa majalisa da albarushi a 1605 ake musu kallon maciji a cikin ɗaki, gobarar Landan ta 1666 ma su aka ɗora wa a bakin talakawa.

Cikin wannan yanayi Titus Oates ya ɓullo, wani korarren limamin coci wanda tuni aka san shi da rantsuwar ƙarya. Ya ce ya zauna a makarantun limaman Jesuit, wata ƙungiyar limaman Katolika, a ƙasashen waje, ya ji shirinsu na kashe sarki a ɗora James. Ranar 6 ga Satumba ya zo gaban Godfrey ya rantse a kan takardar zargi mai sakin layi 43, ranar 28 ga wata ya dawo da ita ta kumbura zuwa 81. Sarki da kansa ya kama shi da ƙarya a zaman majalisar mashawarta, domin ya siffanta wani basaraken Sifen da ya ce ya gana da shi, alhali sarki ya san mutumin ido da ido kuma siffar ba ta yi daidai ba. Da a nan aka tsaya, da wataƙila maganar ta mutu murus. Abu biyu suka hura mata wuta. An binciki gidan Coleman aka sami wasiƙun da ya riƙa aika wa limamin Sarkin Faransa Louis na 14, yana neman kuɗi da goyon baya don ɗaukaka Katolika a Ingila. Babu maganar kisa a cikinsu, amma sun isa abin tayar da hankali. Sannan alƙalin da ya karɓi rantsuwar Oates ya ɓace.

Yanzu a koma kan gawar, domin duk abin da ya biyo baya a kanta aka gina shi. Mai binciken musabbabin mutuwa, John Cooper, ya zauna da masu taya shi yanke hukunci ranar 18 da 19 ga Oktoba. Likitoci biyu, Zachariah Skillard da Nicholas Cambridge, suka duba ta. Sun ga raunin takobi biyu a ƙirji: ɗaya bai yi zurfi ba don ya ci karo da haƙarƙari, ɗayan ya ratsa zuciya ya fita. Sun ga tabon duka a ƙirji, da zobe a wuya kamar na shaƙa, wuyan kuma yana lilo. Ƙyallen da yake ɗaurawa a wuya babu shi. Kuɗinsa na zinariya da na azurfa suna aljihu, zobbansa suna nan. Takalmansa tsaf, alhali hanyar wurin taɓo ce. A wandonsa akwai ɗigon kakin kyandir. Jini kuma kaɗan ne a tufafinsa da cikin ramin. Skillard ya kiyasta kwana 4 ko 5 da mutuwarsa. Hukuncin zaman shi ne an shaƙe shi, waɗanda suka yi kuma ba a san su ba.

Kowace ɗaya daga cikin waɗannan alamu tana da fuska biyu, kuma abin da zai raba gardama an lalata shi a sa'ar farko. Ɗauki maganar jini. Idan aka soki mai rai a zuciya jini na tsartuwa, idan gawa aka soka ba ya fita sai ɗan abin da ya tsatso. Wannan shi ne hujjar masu cewa takobin ado ne aka yi wa gawa. Sai dai takobin da aka bari a cikin rauni yana iya zama toshiya, jinin ya taru a kogon ƙirji, kuma daga baya an sami shaidun da suka ce jini ya zuba sa'ad da aka zare shi ana ɗaukar gawar. Wanda ya auna abin da ke ƙarƙashin gawar kafin a motsa ta shi kaɗai zai iya raba su, ba a kuwa yi ba. Haka wuya. Gawa na sandarewa cikin sa'o'i kaɗan, sannan ta saki bayan kamar kwana biyu, saboda haka wuya mai lilo a rana ta biyar bai tabbatar da karaya ba. Zoben da ke wuyan yana iya zama na igiya ko ƙyalle, yana kuma iya zama matsin wuyan riga ga gawar da ta kwana kanta a ƙasa, domin bayan mutuwa jini yana gangarawa ya kwanta a sashen da ya fi ƙasa, inda tufa ta matse kuma ya bar layi. Don a bambance, dole a san yadda gawar take kwance, ina kai yake, ina jinin ya kwanta, rigar a ɓalle take ko a ɗaure. Likitocin ba su ga ko ɗaya a inda abin ya faru ba. Sun ga gawa ce washegari a kan tebur, bayan an ja ta, an juya ta, 'yan kallo sun yi ta shiga da fita.

Ɗigon kakin nan ma ya sha fassara. Talaka da matsakaici kyandir ɗin kitse suke kunnawa, na kakin zuma sai masu kuɗi da coci, sai aka ce ai ga tambarin limaman Katolika. Amma alƙalin da ke shiga gidajen manya da ofisoshin gwamnati zai iya ɗebo kaki a wando a ko'ina. Alamun da suka fi tsayuwa da ƙafarsu biyu ne: tsabtar takalman, da shaidar waɗanda suka bi ta wurin a tsakiyar makon ba su ga komai ba. Su ne ke nuna cewa a wani wuri ya mutu aka kawo shi. Ba su faɗi wanda ya kawo shi ba.

Da hukuma ta tsaya a kan hukuncin ranar 19 ga Oktoba, da ta tsaya a kan gaskiya gwargwadon abin da ke hannunta. Washegari sai aka yi shelar tukwicin fam 500 ga wanda ya tona masu kisan, bayan 'yan kwanaki aka ƙara da alkawarin afuwa da kariya ga wanda yake da hannu a ciki idan ya fallasa sauran. Iyalin lebura a Ingilar wancan zamani abin da suke samu a shekara kamar fam 15 ne. Wato an ajiye abincin shekara 30 a bakin titi, aka ce na wanda ya zo da labari ne. Haɗa tukwici da afuwa kuwa shi ne mafi muni, domin ya buɗe wa maƙaryaci hanyar da ta fi kowace riba: ya ce da shi aka yi, don a yarda ya gani da idonsa, ya kuma san ba abin da zai same shi. Mai gaskiyar da ya ga Godfrey na wucewa a titi ba shi da abin sayarwa. Ɗan damfara ne ke da cikakken labari, da sunaye, da sa'a.

Garin kuma ya riga ya yanke hukunci. An ajiye gawar jama'a na zuwa kallo, aka binne ta ranar 31 ga Oktoba a cocin St Martin-in-the-Fields, limamai 72 a gaban makara, mutum sama da 1,000 a baya. William Lloyd da ya yi huɗuba, ƙarti biyu aka tsayar a gefensa wai kada a kashe shi a kan mumbari. Maƙera suka shiga ƙera wuƙaƙe da sunan Godfrey a jiki, mata na sawa a ƙarƙashin matashi. Majalisar dokoki, wadda ta dawo zama ranar 21 ga Oktoba, ta yi dokar da ta hana 'yan Katolika zama a cikinta, dokar da ta kai har 1829.

Wanda ya zo karɓar kuɗin shi ne William Bedloe, ɓarawo kuma ɗan damfara da ya sha zaman kurkuku. A farkon Nuwamba ya iso daga Bristol ya ce a Somerset House aka yi kisan, gidan Sarauniya Catherine, matar Sarki Charles, wadda 'yar Katolika ce daga Fotugal. Ya ce limaman Jesuit ne suka danne Godfrey da matashin kai, ya kuma ce ya ga gawar daren Litinin 14 ga wata da hasken wata 'yar fitila. Limaman da ya ambata ba a kama ko ɗaya ba. Da aka zaga da shi gidan bai iya nuna ɗakin ba. Matashin kai kuma ba ya barin zobe a wuya, don haka labarin ya gyaru ya koma shaƙa da ƙyalle. Duk wanda ya san aikin bincike ya san ma'anar shaidar da ke canza kama don ta dace da rahoton likita, sai dai a lokacin ba mai son ya sani.

Bedloe shi kaɗai bai isa ba, yana buƙatar na biyu. Ranar 21 ga Disamba aka kama Miles Prance, maƙerin azurfa ɗan Katolika daga Covent Garden wanda yakan yi wa ɗakin ibadar sarauniya aiki. Wanda ya kai ƙararsa ɗan hayarsa ne, John Wren, da Prance ke bin sa kuɗin haya, ya ce maigidan bai kwana gida ba a wasu darare. Bedloe ya dube shi ya ce ai wannan yana cikin waɗanda ya gani a kan gawar. Aka jefa Prance ɗakin da ake ajiye waɗanda za a rataye a kurkukun Newgate, da mari a ƙafa, babu wuta, a tsakiyar hunturun Landan. Kwana biyu ya ce zai yi magana. Ranar 29 ga Disamba, a gaban sarki, ya janye ya ce bai san komai ba. Aka mayar da shi cikin sanyin. Kafin tsakiyar Janairu, ya kusa mutuwa, ya dawo kan labarinsa na farko, aka ba shi ɗaki mai ɗumi da takardar afuwa.

A lura da abin da aka koya wa mutumin nan. Duk sa'ad da ya ce ya sani, sai wuta da bargo. Duk sa'ad da ya ce bai sani ba, sai mari da sanyi. Ingila na alfahari a lokacin cewa dokarta ba ta yarda da azabtarwa ba, kuma gaskiya ba wanda ya ɗaure Prance a jikin na'ura. Ba a buƙaci hakan ba.

Labarin da ya bayar ga shi. Wai da misalin ƙarfe 9 na daren Asabar Godfrey na wucewa ta ƙofar Somerset House, Hill ya roƙe shi ya shigo ya raba wasu masu faɗa. Da ya shiga, Green ya zarga masa ƙyalle a wuya, aka tattake shi, aka murɗe wuyan, Prance da Berry na gadi, limamai biyu, Girald da Kelly, suna cikin aikin. Aka ajiye gawar a ɗakin Hill a masaukin Dakta Godden, wani limamin sarauniya da ke zaune a gidan, aka yi ta sauya mata ɗaki, sai tsakar daren Laraba aka fitar da ita a cikin kujerar nan mai rufi da mutum biyu ke ɗauka da sanduna, daga baya aka ɗora ta a doki, Hill na riƙe da ita ta baya, har Primrose Hill, inda aka soke ta da takobinsa. Green tsoho ne mai jera matasan zama a ɗakin ibadar sarauniya. Berry mai gadin ƙofa ne. Hill baran Dakta Godden ne. Limaman biyu ba a same su ba. Mutumin da aka matsa wa ya kawo sunaye, sunayen da ya sani yake kawowa, kuma yakan zaɓi waɗanda ba su da mai tsaya musu.

Labarin Prance da na Bedloe sun saɓa a kan masu kisan, da lokacin, da yadda aka yi, da daren da aka fitar da gawar. Inda suka haɗu kawai shi ne sunan gidan, wanda duk Landan ta riga ta ji daga bakin Bedloe makonni kafin a kama Prance.

An yi shari'ar ranar 10 ga Fabrairun 1679 a kotun King's Bench, gaban Alƙalin Alƙalai Sa William Scroggs, Antoni Janar Sa William Jones na gabatar da ƙara. Sai an san ƙa'idar kotun wancan zamani za a gane cewa ƙofa a rufe take tun kafin a shiga. Wanda ake tuhuma da babban laifi ba shi da lauya. Ba ya ganin shaidar da za a kawo a kansa sai a zauren. Shaidun gwamnati suna rantsuwa, nasa ba a rantsar da su, don haka maganarsu ba ta kai nauyin ta wancan ɓangaren ba. Shi kansa ba ya rantsuwa. Bara da mai gadi da tsoho, su ne za su yi wa manyan lauyoyin ƙasa tambayoyi da bakinsu, duk a zama ɗaya.

Duk da haka shaidar da suka kawo ta fi ta gwamnati ƙarfi nesa ba kusa ba. Mary Tilden, 'yar ɗan'uwan Dakta Godden, da matar da ke kula da gidan sun ce masaukin ƙarami ne, ɗakin da ake magana kullum ana shiga, ba yadda gawa za ta kwana biyu a ciki ba a gani ba, kuma Hill yana gida a dararen. Mai gidan da Green ke haya da matarsa sun ce yana gida a daren Asabar ɗin, sai aka rikita matar a kan wace Asabar take nufi. Sojojin da suka yi gadin ƙofar a daren Laraba sun ce ba wata kujera da ta fita. Wannan ta ƙarshe ita kaɗai ta isa ta rusa ƙarar, domin sojojin ba su da abin da za su ci a ciki. Kotu ta yi wa matan ba'a, ta ɗauki addininsu a matsayin dalilin ƙin yarda da su, bisa ra'ayin da Scroggs ya sha maimaitawa a shari'o'in nan cewa ɗan Katolika na da lasisin ƙarya don addininsa. Da wannan ma'auni, duk wanda ya san inda bara ɗan Katolika ya kwana ba a karɓar shaidarsa, tunda ɗan Katolika ne ke kwana gida ɗaya da shi. Saɓanin Prance da Bedloe kuwa, kotu ta karɓe su a matsayin shaidu biyu masu ƙarfafa juna.

An rataye Green da Hill ranar 21 ga Fabrairu, Berry ranar 28. Berry ya bayyana cewa a kan aƙidar Furotesta zai mutu, ya kuma ce bai san komai ba game da kisan. Dukkansu uku sun musanta har igiya ta shiga wuya. Akan ba da labarin wai tudun da aka tsinci gawar tsohon sunansa Greenberry Hill, wato sunayen mutum ukun a jere, ana kawo shi a matsayin abin al'ajabi. Mutane sun fi riƙe wannan wasan suna fiye da shaidar sojojin ƙofa.

Abin da ya faru washegarin shari'arsu shi ya fi tona asirin tsarin. Ranar 11 ga Fabrairu aka gurfanar da Samuel Atkins, matashin akawu a ofishin Samuel Pepys na rundunar ruwa, wanda shi ma Bedloe ya ce ya gan shi tsaye a kan gawar daren Litinin. An tsare shi tun farkon Nuwamba, 'yan adawa na matsa masa ya ambaci maigidansa, don ta Pepys a kai ga Yarima James. Ya ƙi. Pepys, mutum mai tsari da ajiyar takardu, ya sa aka bi kwanakin yaron ɗaya bayan ɗaya har aka gano cewa a daren Litinin ɗin yana cikin wani jirgin ruwan sarki a Greenwich yana shan giya, aka sauke shi a gaɓa cikin dare a buge, ko tsayuwa ba ya iyawa. Kyaftin ɗin jirgin ya zo da mutanensa. Bedloe da ya ga haka sai ya fara cewa ba shi da tabbas. Aka sallami Atkins. Kotu ɗaya, alƙali ɗaya, maƙaryaci ɗaya, kwana ɗaya tsakani. Atkins na da ubangida mai hali da shaidu 'yan Furotesta. Kuma ba wanda ya tsaya ya ce, idan Bedloe ya yi kuskuren fuskar Atkins a hasken 'yar fitilar nan, da wane ido ya gane Prance?

Gawar Godfrey ita ta mayar da tatsuniyar Oates abin gaskatawa, rayukan da ta ci kuma sun wuce uku. An kashe Coleman ranar 3 ga Disambar 1678, limaman Jesuit 5 a Yunin 1679, lauya Richard Langhorne a Yuli. Sai ranar 18 ga Yulin 1679, a shari'ar Sa George Wakeman, likitan sarauniya, Scroggs ya fara tuhumar shaidar Oates aka sallami wanda ake ƙara, domin yanzu wutar ta kusa taɓa gadon sarauta. Duk da haka an fille kan Lord Stafford ranar 29 ga Disambar 1680, an kashe Oliver Plunkett, babban limamin Armagh, ranar 1 ga Yulin 1681. Jimilla mutum fiye da 20 aka kashe, ban da waɗanda suka mutu a kurkuku. Sarki Charles bai yarda da labarin ba tun farko, amma ya sa hannu a takardun kisan, don yana ganin kujerarsa da gadon ƙaninsa sun fi wuyan bayin matarsa tsada. A wurina laifinsa ya fi na masu juri, wato mutanen gari da ke taya alƙali yanke hukunci, domin su tsoro ya rufe musu ido, shi kuwa idonsa biyu.

To wa ya kashe Godfrey? Zargin 'yan Katolika shi ya fi rauni ta fuskar riba, tunda takardar Oates ta riga ta isa majalisar sarki mako biyu kafin ya ɓace, kashe wanda ya karɓi rantsuwa ba ya goge ta, kuma ba wanda mutuwar ta cuta kamarsu. Masu cewa Oates ne, ko 'yan adawa da Lord Shaftesbury ke jagoranta, suna kafa hujja da cewa su suka ci moriya, amma cin moriyar gawa daban, yin ta daban.

Maganar cewa shi ya kashe kansa tana da ƙafa. Godfrey mutum ne mai yawan baƙin ciki, kuma a makonnin ƙarshe ya sha gaya wa mutane cewa ba zai tsira ba. Yana da dalilin tsoro na zahiri: ya riƙe zargin cin amanar ƙasa mako uku, ana kuma kyautata zaton ya tsegunta wa Coleman abin da ke ciki, ga shi an kama Coleman da wasiƙu. An ce ya ƙona takardu a daren Juma'a. Dokar lokacin kuma ta ce dukiyar wanda ya kashe kansa ta sarki ce, don haka 'yan'uwansa, Michael da Benjamin, suna da dalilin so a ce kashe shi aka yi. Daga nan wasu suka ce ya rataye kansa ne, dangi suka ɗauke gawar suka shirya ta. Inda wannan ke tuntuɓe shi ne, mai son ɓoye kashe kai ba zai soki gawa da takobin mamacin ya bar kuɗi a aljihu ba, don wannan ai shi ne ainihin kamannin kashe kai. Zai kwashe kuɗin a ce 'yan fashi ne. Tabon ƙirjin ma yana nan yana jiran bayani.

A ƙarni na 20 marubuta suka juya kan Philip Herbert, mai sarautar Pembroke, mashayi mai mugun hannu. A farkon 1678 ya tattake wani Nathaniel Cony har ya mutu, Godfrey ne shugaban jurin da ya ce a tuhume shi da kisa, takwarorinsa a majalisar dattawa suka same shi da kisa ba da niyya ba a watan Afrilu, ya fita da gatan sarauta. A 1680 ya sake kashe wani aka yi masa afuwa. Akwai ƙullin gaba, akwai hali, tabon ma ya yi kama. Abin da babu shi ne ko mutum ɗaya da ya gan shi kusa da Godfrey a ranar. Mugun hali da dacewar labari su ne irin ma'aunin da aka auna Green da shi, sai dai wannan karon wanda ake zargi ba ya ba kowa tausayi, ya kuma daɗe a kabari, shi ya sa abin ke wucewa a matsayin nishaɗi.

Dalilin da ya sa ba za a warware ba yana cikin yadda aka tara shaidun. A 1682 wasu mutum uku, Nathaniel Thompson da William Paine da John Farwell, suka buga wasiƙu suna cewa Godfrey kashe kansa ya yi. Aka gurfanar da su, aka ci su tara, aka sa biyu daga cikinsu a turu jama'a na jifa. Duk wanda ya ga abin da bai dace da labarin hukuma ba ya koyi kama bakinsa. Da James ya hau gado a 1685 iska ta juya. Aka sami Oates da shaidar zur a watan Mayu, aka yi masa bulala a titi daga Aldgate zuwa Newgate, bayan kwana biyu daga Newgate zuwa Tyburn, wanda ya jagoranci shari'ar kuma George Jeffreys ne, wanda da can yana cikin masu gaskata shi a kotu. Roger L'Estrange, ɗan jarida mai kare fada, ya sami izinin sake tattara shaidu, ya fito da sakamakon kashe kai, wato abin da sabon sarki ke son ji, daga bakin mutanen da ake tambaya abin da suka gani shekara 8 baya. Shaidun kisa an tara su ƙarƙashin tsoro ɗaya, na kashe kai ƙarƙashin wani.

Gyaran ƙa'ida ya zo da jan ƙafa. Dokar 1696 ta ba wanda ake tuhuma da cin amanar ƙasa lauya da kwafin tuhuma da rantsar da shaidunsa. A 1702 aka fara rantsar da shaidun wanda ake tuhuma da sauran manyan laifuka. Cikakken haƙƙin lauya ya yi jawabi a madadin mutum irin Hill sai 1836.

Bedloe ya karɓi fam 500 ɗinsa, ya mutu a Bristol a 1680 bai janye ba. Oates ya fito daga kurkuku bayan an kori James a 1688, aka yanka masa fansho, ya rayu har 1705. Prance ya tsaya gaban kotu a 1686 ya amsa cewa duk abin da ya faɗa a kan Green da Berry da Hill ƙarya ne. Aka ci shi tarar fam 100, aka sa shi a turu, aka yanke masa bulala, sannan sarki ya yafe bulalar.